Ƙorafi Kan Zakin Da Ya Lalata Mini Hannu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Gandun Namun Daji, Uban Giwaye, Majiɓincin Barcin Zakuna.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, iyali suna lafiya, dabbobinka kuma suna ci gaba da samun hutun da na ga ba sa wasa da shi.

Ni mai zane ne. Shekara talatin da ɗaya ke nan ina zana zaki a bayan manyan motoci, a rumfata da ke ƙarshen gareji, tsakanin mai faci da mai walda. In ka taɓa bin bayan tirela ka ga zaki tsaye da ƙafa biyu, baki wangame, haƙora farare tas, gashin wuya kamar yanzu aka taje shi, to wataƙila aikina ka gani. A wajen maigidana na koya, shi kuma a jikin gwangwanin shayi ya koya. Da wannan zakin na ciyar da iyali, kuma ba wanda ya taɓa kuka da shi.

Kwanakin baya wani direba da ake kira Ba-Birki ya kawo sabuwar motarsa in yi mata zaki. Ina cikin dama fenti sai ya ce, a gaban mutane, “Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa ganin zaki ido da ido?” Gareji ya ɗauki dariya, har mai faci da ba ya iya zana ƙwai. Na ji kunya ƙwarai. Na ce kada a taɓa motar sai na je na gano. Ba-Birki ya ce zai bi ni ya zama shaida, maiɗakina kuma ta ce ba za a bar ta a baya ba wajen ganin wanda yake ciyar da mu. Haka muka zo gandunka mu uku. Ga abin da muka tarar.

Na ɗaya. An zuba mu a wata mota marar rufi, jagoranka mai kakin sarki ya ce kowa ya yi shiru. Awa huɗu muna shiru muna kallon barewa. Daga barewa sai wata barewar. Raƙumin dawa ya leƙo mu ta saman bishiya kamar mun zo roƙo. Giwa guda muka gani, ita ma baya ta juya mana, kuma abin da ta yi a gabanmu ba zan rubuta wa babban mutum irinka ba. Shin ba a sanar da su cewa akwai baƙi ba ne?

Na biyu, shi ne zakin. Ranka ya daɗe, da jagora ya tsaya ya nuna gindin wata bishiya, na ɗauka tsohuwar katifa aka yar. Yana kwance rigingine, ƙafafu a sama, ciki a waje, ƙudaje suna taro a hancinsa. Gashin wuyan nan da na yi shekaru ina ɓata jan fenti da ruwan ɗorawa a kansa, duk ya cukurkuɗe da ƙaya. Na fito da allona da fensir, na roƙi jagora cikin ladabi ya tashe shi ya tsaya ko na minti biyu. Ya ce mini zakin ba ma'aikacinsa ba ne. To ma'aikacin wa ne? Wa yake duba aikinsa?

Na uku. A gareji, idan direba ya tarar da mutum yana barci a inda bai kamata ba, oda yake danna masa. Kowa ya san haka, ba rashin kunya ba ne. Don haka Ba-Birki ya miƙa hannu ta kafaɗar direbanku ya danna oda sau uku, don ya taimake ni. Tsuntsaye suka watse, bareyi suka cika wandonsu da iska, wani baƙo a motar gaba ya saki kyamararsa. Shi kuwa gogan naka ido ɗaya ya buɗe. Bai dubi Ba-Birki ba, ni ya duba, da allona a hannu. Ya yi hamma, na ga haƙoran duk sun yi ja, ɗaya ma a karye, sannan ya mayar da idon ya rufe. Ko ɗaya cikin zakunana bai taɓa ba ni tsoro haka ba. Jagora ya sa aka juya da mu bakin ƙofa, yana faɗa kamar mun mari kakansa.

Na huɗu. Ina roƙo a ja wa jagoran nan kunne kan sakin baki a gaban iyalin mutane. A hanyar komawa, ba wanda ya tambaye shi, ya ce ai a cikin zakuna matan ne suka fi yin farauta, shi namijin yawanci barci yake, in an kawo ya fara ci. Maiɗakina ta ce, “Allah sarki, ashe har a daji.” Ba ta ƙara komai ba, kuma har yau ba ta janye ba.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Da muka dawo na hau tsani na fara aikin motar Ba-Birki. Na yi niyyar tsayar da zaki kamar kullum, amma hannuna ya kwantar da shi. Na goge, na sake, ya sake kwanciya. A karo na uku har ƙudajen na samu kaina ina ɗigawa. Duk lokacin da na zo buɗe masa baki sai in tuna idon nan guda, in ji kamar ƙarya nake shirgawa. Da na sauko na ja baya na duba, wallahi ban taɓa zana abu mai kyau irinsa ba, har ƙwalla ta zo mini. Ba-Birki ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Shi ne, Malam, ba ko shakka. Amma in ɗauki zaki mai barci a bayan mota, a ce direban ma gyangyaɗi yake?”

Ya ja motarsa ya kai wa wani mai zane da ke tsallaken titi, mutumin da ko kyanwar kirki bai taɓa tsayawa ya kalla ba. Mutumin ya shafe nawa, ya yi masa zaki mai yatsu shida da wutsiyar saniya, baki buɗe har kunne. Direbobi suka yi ta tafi. Yau mako uku ke nan ba motar da ta tsaya a ƙofar rumfata, layi yana can tsallake. Fentina yana bushewa a gwangwani, ni kuma ina jin tsoron abin da zan gaya wa iyalina.

Ba na neman a hukunta zakin, na ga ba zai halarci zaman ba. Ba na kuma neman a gyara mini hannu, don na gwada, abin da ido ya gani ya ƙi fita. Alfarma ɗaya nake roƙo, kuma na san ba ta fi ƙarfin ofishinka ba. A aika wa mai zanen tsallaken titi takardar gayyata ta musamman, mai hatimi. A ba shi kujerar gaba, a ba shi ruwan sanyi, a kai shi gindin bishiyar nan, a bar shi ya ƙare wa zakin kallo son ransa. In hukuma ba ta da motar ɗauko shi, ni zan kawo shi da kaina.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa dabbobinka nauyin barci har zuwa ranar da mai zanen tsallaken zai zo.

Naka mai biyayya, mai jiran amsa a kan benci,

Mai Zanen Bayan Mota