Ranar da Na Yi wa Manoman Albasa Laccar Tarihi

Ba zan taɓa mantawa da wata safiya a Argungu ba, ranar da na ga zaure cike maƙil na zaci ni ake jira.

Ni malamin tarihi ne. Shekara da shekaru bincikena a kan 'yan kudu yake, Yarbawa da Ibo da suka zauna Birnin Kebbi, da yadda suka riƙe addininsu da kasuwancinsu a cikinmu. Fanni ne da ba ya tara jama'a. In na gabatar da takarda a makaranta, kujeru ne suka fi halarta. (In na koma ɗakina a Gwadangaji ma, ba mai ce mini ya aiki.)

Da aka gayyace ni jawabi a Argungu, sai na saɓa babbar riga na tafi. Wani mutum ya tarbe ni a ƙofa ya ce, "Kai ne Dokta daga Birnin Kebbi?" Na ce ni ne. (Ban yi ƙarya ba.) Ya ja hannuna har gaban lasifika. Da na ga yawan mutanen, sai da na share ƙwalla a ɓoye.

Na dage ina bayanin yadda Yarbawa suka fara kafa rumfuna a kasuwa. Zauren ya yi tsit, na ce a raina yau ilimi ya ratsa zukata. Can wani dattijo ya ɗaga hannu.

"Dokta, mun ji tarihi, an gode. To tsutsar ga da ka cinye muna albasa hwa, mi za mu yi mata?"

Ashe manoman Augie ne, masanin gona suke jira. Ga shi can tsaye bakin ƙofa, har da tafa mini.

Na tattara rigata aka nuna mini ɗakin da aka ware wa jawabina, can baya. Mutum ɗaya na tarar, Baba Lasisi, tsohon tela Bayarabe da na sha zama shagonsa a Badariya ina ɗaukar labarin iyayensa. Mota ya biyo takanas don ya ji ni.

Na ce, "Baba, mu jira sauran?"

Ya gyara hula ya ce, "Fara, Malam. Ni ne taron."

Na karanta masa takardar daga farko har ƙarshe. Tun ranar, duk inda na ga taro ya cika, sai na fara tambayar taron mene ne, don na san da wuya nawa ne.