Giginyar Mushe Illo

Shekarar ta kuɓuce mini, haka ma sunan direban da ya kawo ƙwallayen giginyar daga Gaya. Amma cika-bakin Mushe Illo, maƙwabcina a Harobanda, yana nan a kunnena daram.

"Malam," in ji shi a fadarmu ta shan shayi, "giginya zan shuka a tsakar gidana. Shekara uku, sai kun riƙa kare kai in za ku shiga!"

Hamidu tela ya ce, "Mushe, kai da ko albasa ba ka taɓa shukawa ba?"

"Na karanta a littafi, da Faransanci."

Mushe, Sarkin Noman Takarda, ya tona rami guda, ya jera ƙwallo goma sha biyu cikin yashi kafaɗa da kafaɗa, ya kewaye da waya. Matarsa Zuwera, haifaffiyar Gaya, bai ce mata uffan ba, wai ilimi ba na madafa ba ne. Safe da yamma yana ban ruwa. Wata uku, shiru. Ya zuba takin tumaki. Wata biyar, shiru. Ya sa tabarau ya durƙusa, shiru. Giginya, ka sani, ƙasa take fara nutsawa kafin ta leƙo sama.

Tsiyar Hamidu ta ishe shi, a wata na bakwai ya gayyace mu ranar Juma'a, zai tona mu ga saiwa da idonmu.

Muna zaune Zuwera ta kawo muruci dafaffe, yana turiri. Mushe ya ɓare, ya lumshe ido.

"Ku ci, ku ji irin abin da ke tafe."

Sannan ya naɗe hannun riga, ya tona. Yashi. Ya ƙara tonawa har gwiwar hannu. Yashi.

"Zuwera! Wa ya shiga garkata?"

Ta leƙo da ludayi a hannu. "Ni ce, Maigida. A garinmu, wanda ya jera ƙwallo haka cikin yashi, muruci yake so. Na ga ya kai, na ce kar ya tsufa, ga kuma baƙi."

Hamidu ya lashe yatsa. "Mushe, Allah ya ƙara albarka. Gonar ta yi daɗi."

Ina mantuwa, shi ya sa daga baya na koma na tambayi Zuwera. Ta tabbatar mini: cikin sha biyun, bakwai Mushe ne ya cinye da bakinsa.