Nomau da Makullin Aksil

A garinmu Kwarin Maje akwai wani mutum ana kiransa Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kada wani ya ɗora masa abin da Allah bai ɗora masa ba. Yana salla a kan lokaci, yana noma fiye da ƙatti biyu, bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Matsalarsa ɗaya ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ƙari ba ragi. Gida ɗaya suke da wansa Gwadabe, direba mai zafin zuciya, da kuma matar Nomau, Tabawa, wadda ta daɗe da koyon auna magana kafin ta bar bakinta.

Abincin gidan na shekara shinkafar rani ce da suke nomawa can ƙetaren fadama. Ana girbe ta daidai faɗuwar damina, in ba a kwaso ta da wuri ba kogi ya cika ya shanye hanya. Bara haka aka yi. Tsohuwar akori-kurar Gwadabe mai ja da ƙafa huɗu ta kafe a tsakiyar fadama da buhuna a bayanta. Tayar da ta faɗa laka tana ta juyawa ita kaɗai tana watsa taɓo, wadda ke kan busasshiyar ƙasa ta tsaya cik tana kallonta. Rabin shinkafar ya ruɓe a ruwa, gidan ya ji jiki har kaka. Saboda haka bana Gwadabe ya sayar da bijiminsa, ya sayo wani ƙarfe daga birni da ake sawa cikin aksil ɗin baya, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya biyu. Makulli ake ce masa. In ka ja wani ɗan hannu da ake kira liba, sai ya ɗaure tayoyin biyu su riƙa juyawa tare, ko sun so ko sun ƙi. Ya kuma ɗauko makanike, Malam Ilu, ya zo ya ɗaura. Malam Ilu baƙo ne, shi ya sa da ya nemi mai taya shi aiki aka nuna masa Nomau ya ce to. Mu da muka san kan zance muka jawo tabarma gindin darbejiya.

Wata rana, ranar da aka fara aikin, Malam Ilu ya ɗaga bayan motar da jak, ya ce wa Nomau, "Sa duwatsu a tayoyin gaba. Ba na son ta motsa ko kaɗan." Ya tafi shan shayi. Nomau ya sa dutse ɗaya, ya tura motar da kafaɗa, ta ɗan girgiza. Ya ƙara biyu, ya tura, ta girgiza. Sai ya je ya aro amalanke. Kafin Malam Ilu ya dawo, an yi wa motar ganuwa har bakin ƙofa, har da duwatsun murhun Tabawa a ciki. Nomau yana tsaye yana share gumi. "Oga, tura ka gani," in ji shi. Malam Ilu bai tura ba, ya dai zauna a ƙasa ya riƙe kai. Sai bayan azahar aka tono motar, Gwadabe yana kwasar duwatsu yana duban gabas, inda hadari ya fara leƙowa.

Wata rana kuma za a tsiyaye tsohon mai daga cikin aksil ɗin. Malam Ilu ya kwance noti, ya miƙa wa Nomau gwangwani, ya ce, "Tara. Ko ɗigo kada ya taɓa ƙasa." Gwangwani ya cika, mai bai daina zuba ba. Nomau ya tuɓe hularsa ya tara, yana ƙwala kira: "Tabawa! Kawo abin da ya fi kusa da hannunki!" Abin da ya fi kusa da hannunta tukunyar miya ce, ita kuma ta zaci wuta ce ta tashi. Wanda bai taɓa shaƙar tsohon man giyar mota ba bai san wari ba. Kwana uku tuwon gidan yana ƙamshin gareji. Tabawa ta leƙo ta zaure, cikin ladabi ta ce, "Malam, don girman Allah, in za ka ba shi umarni ka riƙa yi masa iyaka." Amma in za a faɗi gaskiya, mun duba ƙarƙashin motar, ko ɗigo babu.

Wata rana aka zare sandunan aksil, aka fito da tsohon kayan ciki. Akwai wasu murafe biyu na ƙarfe masu riƙe boris, wato zoben da sandar ke juyawa a cikinsa, kamanninsu ɗaya sak, amma kowanne sai ya koma gefen da ya fito, in ba haka ba aikin ya lalace. Malam Ilu ya ɗora ɗaya a hannun hagun Nomau, ɗaya a na dama. "Na hagu hagu, na dama dama. Kada ka ajiye, kada ka sauya." Nan take aka kira shi a waya wai motar wani ta mutu a mararraba, ya hau babur ya tafi. Nomau ya tsaya hannuwa a miƙe tun hantsi. Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya bar shi. Mai unguwa ya zo wucewa ya miƙa masa hannu, Nomau ya ce, "Ranka ya daɗe, gaisa da gwiwar hannuna, ina bakin aiki." Da rana ta take, Tabawa ta fito da fura ta riƙa ba shi da ludayi a baki, tana bayarwa tana mita. Da Malam Ilu ya dawo ya same shi yadda ya bar shi, ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya tuna bai sa wa murafen alama ba. Ya karɓe su, kowanne ya koma mazauninsa.

Daga nan aiki ya miƙe. Aka zura makullin a gurbinsa, aka ɗaure notuna, aka ja waya daga aksil zuwa liba a gefen kujerar direba, aka zuba sabon mai. Malam Ilu ya ja libar, ya ce Nomau ya juya tayar hagu da hannu. Ya juya, sai ga ta dama tana bin ta kamar an ɗaure su da igiya. Muka yi kabbara daga kan tabarma. Kafin ya tafi, Malam Ilu ya ce wa Gwadabe, "Ka ji ƙa'idarsa. Duk inda ka ga laka, ka tsaya cak, ka ja liba, sannan ka shiga. Ba a jan ta mota na gudu. In ka hau busasshiyar ƙasa ka sake ta." Gwadabe ya ce ya ji. Nomau kuwa leɓensa yana motsi, yana haddacewa.

Wata rana da hantsi labari ya zo cewa an yi ruwa mai yawa a garuruwan sama, kogi yana tafe. Gwadabe da Nomau suka shiga mota, ni da wasu biyu muka ɗare baya don lodi. Ba mu bar gari ba Nomau ya daka tsawa: "Yaya, tsaya! Laka!" Gwadabe ya taka birki har muka gwabza kai. Ruwan wanke-wanken mai shayi ne. Nomau ya ja liba, aka haye shi da girmamawa, ya sake ta. A bakin rijiya haka. A inda saniya ta yi fitsari haka. Gwadabe ya rantse in ya sake jin kalmar laka zai sauke shi ya tako da ƙafa.

Muka isa gona, muka loda shinkafa har motar ta durƙusa, muka juyo. Tuni ruwa ya fara sheƙi a cikin ciyawa ta bayanmu. A tsakiyar fadama hanyar a bushe take, fara fat, yadda muka bar ta ɗazu. Sai dai wani ɗan danshi da bai fi faifai faɗi ba.

"Yaya, laka."

"Rufe mini baki!"

"Oga ya ce duk inda."

Gwadabe ya ƙara wuta. Nomau ya buɗe ƙofa, ya dira, ya zaga da gudu ya tsaya a gaban mota hannuwa a buɗe. Allah ya sa birkin ya kama. Gwadabe ya fito da kai ta taga, idanu jawur, ya kira shi da sunayen da ba zan maimaita ba. Nomau bai gusa ba. "In ka ja liba zan matsa, Yaya." Don a rabu da shi, Gwadabe ya fizgi libar. Nomau ya shiga ya zauna, ya gyara riga.

Ba mu yi taku goma ba ƙasa ta burma. Ashe ruwan kogi ya riga mu isowa ta ƙarƙashi, ɓawon sama ne kawai ya rage a bushe. Tayar dama ta baya ta nutse har rabi, motar ta karkace, buhuna suka jingino a kanmu. Wallahi na sadaƙar, na ce bara ta dawo. Amma motar ba ta tsaya ba. Tayar hagu, wadda ke kan ƙasa mai ƙarfi, ta ci gaba da haƙa, injin yana gurnani, taɓo yana tashi sama, muna ta salati. Ta ja, ta ja, har ta fizgo 'yar'uwarta daga ramin. Da ta tsaya ko na numfashi ɗaya, cikinta zai zauna a laka, kuma ba liba a duniya da za ta ɗaga ta. Da muka hau tudu muka waiga, ruwa ya riga ya cika sawunmu.

"Yaya," in ji Nomau, "busasshiyar ƙasa. Saki."

Gwadabe ya saki. Ya ja motar har ƙofar gida. Mutane suka taru, yara suna tsalle, Tabawa tana guɗa tana shafa buhuna ɗaya bayan ɗaya, ko guda bai jiƙe ba. Gwadabe ya kashe mota, ya dafa kafaɗar ƙanensa a gaban kowa, ya ce, "Ku shaida, shinkafar bana ta Nomau ce. Kai kuma, daga yau kujerar nan taka ce. Kada ka ƙara sauka daga gaban motar nan."

Aka sauke kaya, aka watse. Da la'asar Tabawa ta dafa sabuwar shinkafa da wake, ta nemi mijinta a ɗaki ba ya nan, a zaure ba ya nan. Yana gaban mota zaune daram, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Gwadabe ya dube shi, ya dubi kwanon, sai ya karɓa daga hannunta, ya buɗe ƙofar direba ya shiga ya zauna kusa da shi. A nan suka ci, kwano ɗaya a tsakaninsu, duk mai wucewa yana ɗaga wa Nomau hannu yana cewa sannu da aiki.