Nomau da Shimfiɗar Maus

A ƙauyen Tudun Gawo akwai wani gida mai mutum uku: Inna Hassu, da ɗanta Nomau, da autarta Lantana. Nomau, Allah sarki, ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Matsalarsa ɗaya ce, abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ka ce ya jira ka a nan, to nan za ka dawo ka same shi, ko ruwa ake yi da ƙanƙara.

Da Lantana ta gama sakandare, kawunsu na birni ya ba ta tsohuwar kwamfutarsa, ta kuwa zama gwanar wani wasa da ake yi da mutanen nesa ta intanet. Kullum la'asar, in an karɓo caji daga shagon mai sola, Nomau zai jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna bayanta. Shi ba ruwansa da wa ya ci wa ya faɗi. Ƙasar cikin wasan yake kallo: tsibirai suna yawo a sama, koguna shuɗaye, gajimare yana bi ta ƙarƙashin ƙafar mutum. Yakan ce in ya lumshe ido har ƙamshin ciyawar wurin yake ji. Duk duniya ba abin da yake so kamar wannan zama.

Inna Hassu dai ta gaji. Ta ce, "Wannan abu ko gishirin miya bai taɓa kawowa ba. In gasar da kike ta faɗa ta zo, 'yan ƙungiyar wasan da kike son shiga ba su ɗauke ki ba, sayar da shi za a yi a sayo keken ɗinki." Lantana ta yarda, sai dai akwai matsala. Maus ɗinta, ɗan abin nan da ake ja da hannu, sai tuntuɓe yake yi a kan tsohon teburinsu mai kaushi. Dole a samo masa shimfiɗa. Inna kuwa ba ta barin budurwa zuwa kasuwar gari, saboda haka aike ya faɗo kan Nomau.

Wata rana Lantana ta ce, "Yaya, ka samo mini mai faɗi, wadda hannu zai yi ta tafiya bai kai ƙarshenta ba." Nomau ya shiga kasuwa yana ɗora hannu kan duk abin da ya gani a shimfiɗe, yana ja. Darduma ta ƙare, tabarma ta ƙare, ledar ɗaki ma ta ƙare. Sai a wajen masu shanya shinkafa ya sami tamfol, ya yi ta rarrafe da tafin hannu a kai har gwiwa ta gaji bai ga bakinsa ba. Ya naɗo abinsa ya kawo gida. Da aka warware, ya rufe tsakar gida, ya rufe murhu, ya haye akurkin kaji. Awaki suka zo suka kwanta a kai suna tuƙa. Lantana ta ce, "Yaya, a ina zan sa wannan?" Ya ce, "Ki sa teburin a kansa mana."

Wata rana ta ce, "Wannan karon ka je shagon Sagiru mai kayan kwamfuta. Kuma ka zaɓi wadda ba ta motsi ko an tura ta." Sagiru ya jera masa shimfiɗu kala-kala, wata da hoton mota, wata har da fitilu a gefe. Nomau ya naɗe hannun riga, ya sa hannu biyu yana tura su ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ga ta a ƙasa. Ya girgiza kai ya ce, "Duk masu motsi ne." Sagiru ya ce ya fita masa daga shago tun ransa bai ɓaci ba. A hanya ya ga masu buga bulo sun zuba marfin rijiya na siminti. Ya tura, ko gezau. Ya sa kafaɗa, ko gezau. Murna kamar ta kashe shi. A amalanke aka kawo abin, ƙarti suka kama aka ɗora kan tebur, ƙafafun teburin suka baje nan take. Nomau ya ce, "Teburin ne ya motsa, ita tana nan yadda take."

Wata rana, bayan kafinta ya gyara tebur, Lantana ta yi masa bayani cikin lalama. Ta ce, "Ba da ido ake zaɓa ba, Yaya. Ka rufe ido ka shafa, wadda hannunka ya fi jin daɗinta ita za ka kawo." Ai kuwa tun daga bakin kasuwa Nomau ya rufe ido. Ya shafa kabewa, ya shafa buhun gero, ya shafa sanƙon wani mahauci ya sha zagi. Da idon ya daɗe a rufe sai kasuwar ta ɓace masa. Ya ji kamar yana tafe a tsibiran nan, hayaniyar 'yan kasuwa ta koma ƙarar kogi, iska tana ɗaukarsa a hankali. Can hannunsa ya sauka kan wani abu mai ɗumi, mai laushin da bai taɓa jin irinsa ba. Ya rungume shi, bai buɗe ido ba sai da ya biya. Da ya iso gida ya ajiye wa Lantana farin zomo a kan tebur, ya ɗauki maus ya ɗora masa a baya. Zomo ya yi tsalle, maus ya bi shi, sai cikin ƙwaryar kunu.

Maus dai ya bushe ya ci gaba da aiki, amma haƙurin Lantana ya ƙare, ga gasa ta matso. Wata rana ta dube shi da hawaye a ido ta ce, "Ka tafi, kada ka sake shigowa gidan nan sai da wadda ta dace da hannuna." Faɗar ɓacin rai ce kawai, kowa ya san haka in ban da Nomau.

Ya koma shagon Sagiru ya ce a ba shi wadda ta dace da hannun Lantana. Sagiru ya ce, "Ina hannun?" Ya ce, "Yana gida." Sagiru ya ce, "To ɗauki ɗaya ka kai ta gwada." Ya ce, "In ba ta dace ba fa? An ce kada in shiga." Sai ya samu gefen ƙofa ya zauna. Aka rufe shago yana nan, aka buɗe yana nan, yana kallon sama, ba ya roƙon kowa komai. A gida kuwa Inna ta kasa cin abinci, Lantana ta yi kuka har ta gode Allah, tana cewa bakinta ne ya kori ɗan'uwanta.

Ranar gasa da hantsi Sagiru ya ga abin ba na ƙarewa ba ne. Ya ce, "Wallahi ka fi ƙarfina." Ya tattara duk shimfiɗun shagon a buhu, ya goya Nomau a babur, sai Tudun Gawo. Nomau ya tsaya a ƙofar gida, ya aika da buhun ciki. Inna ta fito ta rungume shi, ta ce ya shigo ya ci abinci. Ya ce, "Tukuna, Inna."

Lantana ta zazzage buhun tana gwadawa da maus ɗinta. Mai hoton mota ta cika sheƙi, maus sai tsalle yake yi. Mai fitilu tana gogar mata wuyan hannu. Can ƙasa ta ci karo da wata baƙa ta yadi, ba ado ba komai, wadda ko Sagiru ya manta da ita. Tana ɗora hannu ta ji shi yana tafiya shi kaɗai. Da a ce wani ne ya zaɓar mata, ba mai kallon wannan sau biyu. Lokaci kuwa ya yi, ta shiga wasa ko waiwaye ba ta yi ba.

Rana ta yi sanyi kafin a gama, kuma 'yan ƙungiyar suka ce sun ɗauke ta. Ta juyo da murna don ta gaya wa Yaya, sai ta ga kujerar ba kowa. Ta fita da gudu ko takalmi babu. Yana nan tsaye a bakin ƙofa, leɓe ya bushe, ƙafa ɗaya ko kan dokin ƙofa bai ɗora ba.

Ya ce, "Ta dace?"

Ta ce, "Ta dace, Yaya. Shigo."

Sannan ya ɗaga ƙafa ya shiga gida.