Rasuwar Ta Bakwai, Kujerar Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sake ni ba, ni autan marigayi mai zanen kujeru nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kujerar Baba, wadda aka fi sani da Ta Bakwai. Ta cika ranar Talata a shagon mai ɗinkin kushin, bayan jinyar da ba ta nema ba. Shekarunta hamsin da biyu.

An haifi marigayiya a shagon Baba, lokacin da ya dawo daga karatu da fensir a kunne da wata aƙida da ta raba shi da arziki: wai kujera ba ta bukatar ado. A zamanin da kowa ke son kujera mai kan zaki da ƙafar giwa, shi sai ya lanƙwasa katako, ya ɗaura fata guda a tsakani, babu ƙusa ko ɗaya, ya ce ya gama. Masu saye su zo su zagaya ta, su tambaye shi yaushe za a ƙarasa. Bakwai ya yi irinta, ragowar rayuwarsa ya ƙare ta yana haɗa wa makarantu benci. Shida sun riga ta tafiya. Gara ta ci biyu, an dafa abinci da ɗaya, sauran ko labarinsu babu. Ita kaɗai ta rage, ɗauke da hatimin da ya ƙona mata a ƙasa da jan ƙarfe.

Marigayiya ba ta san munafunci ba. In ka zauna ta ce "ƙiiiƙ", in ka tashi ta ce "haaah", kamar wadda aka sauke wa kaya, kuma ba ta taɓa ɓoye wa mai tumbi nauyinsa ba. Gajeriya ce mai kwanciya baya, don haka duk wanda ya shige ta da girman kai sai an miƙa masa hannu yake fita. Mijin babbar yayarmu ya gwada sau ɗaya a gaban baƙi, tun ranar suke gaba. Yaya kuwa ƙwarangwal take kiranta, in za a yi taro ta lulluɓe ta da zani ta tura bayan ƙofa. Ni na ɗauke ta bayan rasuwar Baba, saboda a jikin fatarta akwai wani duhu inda ƙeyarsa ta yi shekara talatin tana jingina.

Ciwon ajalinta ya shigo ne ta wasiƙa. Wata ma'aikaciyar gidan tarihi, da ta daɗe tana cigiyar aikin Baba, ta rubuto cewa za ta zo ta duba. In hatimin yana nan, za a baje kujerar a babban zaure, a rubuta sunansa a bango. Karo na farko ke nan da wani zai kira shi da abin da ya wuce "mai benci". Ni da bakina na karanta wa dangi wasiƙar, ni da hannuna na bar wa Yaya mabuɗin gidana da tafiya ta kama ni. Wannan wautar tawa ce, na ɗauka.

Nan take dangi suka tuna ashe suna ƙaunarta. Da na dawo Yaya ta tare ni tana fara'a. "Auta, ai ba ma bari baƙuwa ta ga tsiraicinmu. Kayan Baba ne, dole a fita kunya."

An fita kunya kam! Mai kushin ya fige fatar, ya ɗura mata soso har ta kumbura, ya sa mata jan karammiski da maɓallai, ya zuba mata ƙusoshi, ya shafe ƙafafunta da ruwan gwal. Ƙunar da ya gani a ƙasa kuwa ya ɗauka tabo ne, ya kankare ta tas. Har cewa ya yi wannan kyauta ya yi mana.

Baƙuwar ta iso ranar Alhamis da farar safar hannu da 'yar tocila. Ta durƙusa ta leƙa ƙasa, ta daɗe. Sannan ta miƙe cikin ladabi ta ce, "To, ina kujerar take?"

"Ga ta gabanki," in ji Yaya. "Ɗan gyara muka yi mata."

Matar ta cire safarta, ta sha ruwa, ta yi mana sallama. Bayan ta fita na zauna a kai, na danna da dukkan nauyina. Ko uffan ba ta ce ba. A nan na yi kuka, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Marigayiya ta bar 'yar kujerar ɗora ƙafa guda ɗaya, wadda na kulle a ɗakina kafin a fita kunya da ita, da akwatin zane-zanen Baba, da ni.

Game da jana'iza: gawar tana falon Yaya, mijinta yana zama a kai yana tashi da kansa, yana cewa yanzu ta zama kujera. Na tona sharar mai kushin na samo guntun fatar nan mai duhun ƙeya, bai fi tafin hannu ba. Shi za a rufe a akwatin Baba ranar Asabar da safe. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ce mini ai ta fi kyau yanzu, ya san inda ƙofa take. Za a yi zaman makoki a gidana, a kan benci. Su dai Baba ya yi su da yawa, kuma ba wanda ya taɓa ƙaunarsu har ya gyara su.