Rasuwar Ɗan Ƙwas a Hannun Masu Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani abu ma da ya fi baƙin ciki ɗaci, tsohuwar nan da ke noma a bayan shingen gonar bincike, wadda kowa ke kira Iya, tana sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar injin shukarta da ake turawa da hannu, wanda aka fi sani da Ɗan Ƙwas.

Marigayin bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi, da rana tsaka, a gaban ƙattin maza masu hular rana, kowa da biro a hannu.

Babban ɗanta ne ya kawo mata shi shekarar da bayanta ya ƙi sunkuyo. Tun daga ranar bai taɓa saɓa mata ba. Ba ya shan fetur, ba ya cin iri a ɓoye, ba ya tafiya taro ya bar aiki kamar waɗansu. Ka tura shi kawai, ya ce “ƙwas, ƙwas, ƙwas”, kowace ƙwas ƙwaya a rami, ya rufe abinsa ya wuce. In ƙishi ya dame shi ya ɗan yi “ƙiii”, ɗigon baƙin mai ya ishe shi. Mai haƙuri ne, mai wadatar zuci.

Ajali ya zo masa a farar mota. Shugaban gonar binciken, wani mai tabarau da tumbi, ya tako har ƙofar gida yana Iya kaza Iya kaza, baki kamar zuma. Wai sun sayo sababbin injuna, suna so su jera su da irin na mutanen gari a ga wanda ya fi. Wai gwaji ne kawai. To ita a iya saninta, gwaji shi ne ka zura takalmi a kasuwa, in ya matse ka cire ka miƙa wa mai shi yadda ka karɓa. Babu ɗan halak ɗin da ya gaya mata cewa a gidansu gwaji shi ne a matsa wa abu har a ga inda zai mutu.

Ta leƙa ta shinge ta gani da idonta. Sun yanka ƙasa ƙanana-ƙanana kamar tabarmi, sun kafa turaku, sun ja igiya. Suka ɗura masa jiƙaƙƙen iri, ya haɗiye. Suka ɗura masa mai tsakuwa, ya daure. Suka kai shi kan marmara inda ko ƙaya ba ta fitowa, ya yi ta tari yana tafiya, wani na bin sa a tsugune yana awon ramuka kamar mai neman allura. Da suka ga ya ƙi faɗuwa, sai suka ɗaure shi a bayan tarakta, wai a ga gudunsa. Bawan Allah da bai taɓa wuce saurin tsohuwa ba! Kalmarsa ta ƙarshe ita ce “ƙarass”.

A buhu aka dawo da shi. Mai walda ya zazzage, ya juya nan ya juya can, ya girgiza kai: ƙugu ya karye, haƙora sun zube, ba sauran abin ɗori. Shi kuwa mai tabarau ko kunya, ya aiko a yi mata albishir wai gwaji ya yi nasara, an gano inda irinsa ke karyewa. Sannu da ƙoƙari. Da an tambaye ta, da ta faɗa musu kyauta cewa duk abin da aka ja da tarakta a kan dutse zai karye, har da mai tabarau.

Marigayin ya bar tsohuwa mai ciwon baya, da buhun iri a jingine, da maƙwabta mata da ke aronsa su dawo da shi a goge. Ya bar yayarsa fartanya, wadda ta tsufa, ƙota na rawa. Ya bar gona kwance ba ko ƙwaya a cikinta, ga ruwan shuka ya sauka, ƙasa tana ta shan iska. Damina ba ta san an yi rasuwa ba.

Za a ɗauki gawa a baro gobe da hantsi zuwa ƙofar ofishin shugaba, a can za a yi zaman makoki. Mata su zo da tabarmi da muryarsu. Ba a karɓar “sai haƙuri”, an gode, akwai shi a gida. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za a ɗaga gawa ba sai an ga magajinsa ya iso da tayarsa, yana shuka. Kafin nan, in shugaba yana son shiga ofis, ya tsallake mamaci, sannan ya tsallake Iya.