Rumfar Alhaji Musbahu Ta Fuskanci Gabas

A jikin ƙarfen rumfar motar akwai wani ɗan zane na iska tana hurawa, an gicciya mata jan layi. Alhaji Musbahu ya liƙa hotonsa a kai, domin a ganinsa wurin ya fi dacewa da fuskarsa.

Allah ya ja zamanin Alhaji, Gida-Kan-Taya, mutum na farko a Gummi da ya mallaki mota mai gado da murhu da makewayi, har da rumfar da ake warewa a gefenta. Daga Kwatano ya sayo ta. Tun da ta iso, ko gaisuwar suna zai je a bayan layi sai ya tuƙa ɗakin kwanansa.

Shugabancin ƙungiyar dillalan shanu yake nema. Kujerar ba ta samuwa sai Fulanin bakin gulbi sun yarda, su kuma ba sa yarda sai Ardo Makau ya gyaɗa kai. Don haka a farkon damina Alhaji ya tafi ya yi zango kusa da rugarsu, ya koya musu yadda ake kwana a daji. Su, waɗanda aka yanke wa cibiya a hanya.

Kowace bukka a rugar ta ba gabas baya. Alhaji ya ware rumfarsa ta fuskanci gabas ɗin, saboda ta nan hanya ta wuce, kuma kada a hana 'yan kabu-kabu ganin alheri. Igiyoyi da turakun da suka zo da ita ya bar su a leda. Igiya tana ɓata hoto.

Ardo ya dubi sama, ya dubi rumfar. "Alhaji, hadari daga gabas yaka tasowa. Juya motar ga. In ba ka juyawa, naɗe rumhwar, ko ka kahwa mata turaku."

Alhaji ya yi murmushin tausayi. "Ardo, wagga ba zana ba ce. Injiniyoyi sunka ƙera ta, ƙasar da ƙanƙara ka zuba. Ku da kunka saba da kara da ciyawa, tilas ku ji tsoron iska. Ni na zo in hid da ku daga duhu."

"To, Allah shi ba da sa'a," in ji Ardo, ya ja tabarmarsa waje, nesa da inuwar.

Bayan la'asar shanu suka juya wa gabas baya. Mata suka kwashe ƙore. Alhaji yana ƙarƙashin rumfa, yana kan batu na biyar a jawabin da yake yi musu, mai taken hangen nesa.

Iska na wahalar da mai kayan kara, balle mai kayan Kwatano. Ta shiga ƙarƙashin rumfar ta cika ta tim. Ƙarfe ɗaya ya ce ƙaras. Alhaji ya yi tsalle ya cafke gefen, ta ɗaga shi taku guda daga ƙasa, ta duba nauyinsa, ta ajiye shi zaune. Sannan ta yage rumfar ta jefa a garken maruƙa. Ƙarfen da ya lanƙwashe ya tokare ƙofar motar. Gado da murhu da makewayi suna ciki, mai su yana waje, ruwa yana dukansa.

Bukka mafi kusa ta Inna Tabawa ce, yayar Ardo. Ƙofar gajeruwa ce. Gida-Kan-Taya ya shiga da rarrafe. Ko ɗigo babu a ciki.

Da ruwa ya ɗauke, Alhaji ya matse babbar riga, ya tsinto muryarsa. "To Ardo, batun kujera hwa?"

"Alhaji, wanda bai san inda iska ka hitowa ba, ƙaƙa za mu ba shi shanunmu?"

Inna Tabawa kuwa ta ce ƙyallen rumfar yana da kyau, maruƙa za su ji daɗinsa. Ta ɗauko taɓarya da turken kirya, za ta kafa musu inuwa da shi.

"Zo, ɗana, riƙe man nan. Miƙe shi daidai."

Alhaji ya durƙusa cikin taɓo, ya riƙe turken da hannu biyu, ya rufe ido, tana bugawa.